Bula a Cikin Audugar Kawu

Zuwa ga taubashiyata, Uwar Sito,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyu. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Gwaggonki ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta yi wa kaji faɗa. Maman yara tana gaishe ki. Ni ma lafiya, sai ɗan tarin nan na ƙurar auduga da kika san ni da shi.

Tun da Kawu, mahaifinki, ya raba mana shagon katifa yana da rai, rabi naki rabi nawa, ban taɓa yanke babban abu ban tambaye ki ba. Yau ga babban abu ya zo. Injin shiɓar auduga ya kusa gamawa. Boris ɗin da gangarsa ke juyawa a kai ya ci, haƙoran gangar sun zube kamar na tsoho, kuma ba ya tashi sai na tura bel da hannu ina lallashinsa. Makanike ya ce koyil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar cikinsa, ba zai ɗauki wani naɗin ba.

Hanya biyu nake gani. Ta farko, mu sayi sabon inji ƙarami. Akwai ɗaya a wurin mai sayar da injuna, ya ce zai ɗan jira ni. Kuɗinsa ya kai ladan gyaran katifa ɗari uku. Abin da ke hannuna bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran sai dai daga kuɗin da kike tarawa na ginin ɗakinki, kuma na san nauyin wannan magana. Ta biyu, mu daina shiɓa gaba ɗaya. An buɗe wani kamfani bayan tasha mai ƙaton inji. Motarsu tana zuwa ta ɗauki auduga, ta dawo da ita a shiɓe, a biya su bisa kilo. Namu kawai farke katifa, cusawa da ɗinki.

Na zauna na yi lissafi. A gida, kowace katifa tana cin wuta, man inji, bel, da rabon makanike. A waje, kuɗin kilo ne kawai. Na waje ya fi sauƙi, ba da yawa ba, amma ya fi. Ko da yake bara na kashe kuɗi sosai wajen naɗa koyil, kuma in na yar da injin yanzu sai in ga kamar na zuba su a rijiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Suna da mota, da direba, da mai gadi, da haya. Ta yaya aikinsu zai fi nawa arha, ni da ba na biyan kowa sai kaina? Akwai abin da ban gani ba. Ke da kike wuni cikin kaya da farashi, me kika gani?

Naki,
taubashinki na shagon katifa

*

Zuwa ga Malam Ko-da-yake,

Na sami wasiƙarka, na ji daɗin labarin ƙafar Gwaggo. Ka ce mata ta bar kajin nan su huta. Mu ma lafiya, sai Hassana da ta yi mura ta warke. Ni kuwa ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara ta sa ni gaba a sito, sai bayana ya ƙage nake tashi.

Na ƙirga, sau ɗaya tak ka rubuta “ko da yake” a wasiƙar nan. Ko ba ka da lafiya ne?

To, bari mu fara da kuɗin koyil. Sun tafi, bawana. Ko ka riƙe injin ko ka yar, ba za su dawo su gaishe ka ba. Ka cire su daga lissafi. Abin da za ka duba shi ne abin da za ka kashe daga yau zuwa gaba, a kowace hanya.

Sannan lissafinka na gida ya yi rowa. Ka ce ba ka biyan kowa sai kanka, to kai kyauta aka same ka? Wunin da kake yi a gaban inji, da ɗinki ka yi da filo nawa ka gama? Ka sa wannan. Ka sa ranakun da inji ke kwance kana zaune kana kallon makanike. Ka sa lungun da ya cinye, wanda zai ɗauki keken ɗinki biyu. Ka sa kuɗin maganin tari, tunda ka maida shi kamar ɗan gida.

A ɓangaren kamfani kuma ka yi musu kara da yawa. Yau suna neman ka, farashi zai yi daɗi. Ranar da suka ji ka sayar da injinka fa? Ka tambaye su ko za su rubuta maka farashi na shekara. Ka kuma tambaya wa ke ɗaukar asara in ruwa ya jiƙa kaya a mota.

Maganar kuɗin ɗakina, ban ce a'a ba, ban ce e ba. Ba zan fasa asusu don kana jin kunyar tsohon ƙarfe ba. Ka gwada kamfanin tukuna. Arharsu ba sihiri ba ce, yawan aiki ne. Auduga auduga ce. Mu a sito buhu ya shigo buhu ya fita, ba mai tambayar sunansa.

Af, kafin in manta. Katifar Baba da ke ɗakin Gwaggo ta kwanta ta zama faifai. Ka gyara mini ita kafin in zo hutu, a kanta zan kwana.

Uwar ɗakinka,
mai sito

*

Zuwa ga Uwar Sito,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Hassana lafiya, ya sa ƙidayar kaya ta zo da sauƙi. Gwaggo ta ce ba ruwanki da kajinta. Mu duka lafiya. Kuma ni ba bawanki ba ne, Kawu ne ya biya kuɗin makarantata, ba ke ba.

Na cire kuɗin koyil kamar yadda kika ce, ko da yake hannuna ya yi nauyi wajen soke layin. Na sa wunina, na sa lungun, na sa maganin tari. Da na gama, kamfani ya ƙara yi mana nisa a arha. Farashin shekara kuwa sun ce sai manaja ya dawo daga tafiya.

Amma na gano sirrinsu, kuma ina jin za ki ji daɗin yadda na yi.

Na je wurin da kaina. A bakin ƙofa akwai sikeli, a nan ake tsayar da kowa. Na ce ina so in ga injin, mai gadi ya ce ba a shiga. Ta kafar ƙofa na hango buhuna jibge har rufi, babu lamba babu suna. Sai na tambayi kaina, to ta yaya suke gane na wane da na wane? Na tambayi mai sikeli, ya ce, “Ka kawo kilo goma, ka karɓi tara, ɗayan ƙura ce. Me kuma kake nema?”

Na dawo na yi tunani. Ban ga ya dace in yi gwaji da kayan mutane ba, amana ce. Sai na tuna da katifar Kawu. Tamu ce, tana buƙatar gyara, ke kuma kin ce auduga auduga ce. Na farke ta, na ɗebi kamar cikin filo guda, na jiƙa a ruwan bula mai kauri, na shanya a kan rufi har ta bushe. Maman yara ta yi ta mita na ƙarar mata da bular wanki. Na cakuɗa shuɗiyar da sauran, na auna, na ba motarsu.

Ta dawo shekaranjiya. Fara tas, laushi kamar kumfa, ta fi abin da injinmu ke yi ko a lokacin ƙuruciyarsa. Nauyi daidai yadda suka ce. Na baje ta a tabarma, na bi ta da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ko silin shuɗi ɗaya babu.

Kin ga inda arhar take. Ni in na gama katifar mutum sai na tsayar da inji, na share ganga, na tattara tasa, sannan in sa ta wani. Su ba sa tsayawa. Ta kowa a baki ɗaya take shiga, a auna maka daga tulin da ya fito.

Yanzu abin da nake so in sani, shin wannan aibi ne ko ba aibi ba ne? Mutum ya kawo tsohuwa ya karɓi wadda ta fi tasa kyau. An cuce shi? Na kasa yanke hukunci. Na sa a raina zan riƙa gaya wa duk wanda ya kawo gyara, in ji abin da zai ce.

Katifar na cusa ta, na ɗinke, tana jiran ki.

Naki,
Ko-da-yake

*

Zuwa ga ɗan Gwaggo,

Na ga wasiƙarka. Muna lafiya. A gaida Gwaggo da mutanen gida.

Maganar shago, ka yi yadda ka ga ya dace.

'Yar Kawunka

*

Zuwa ga taubashiyata,

Gaisuwa, da fatan ke da yara da maigida kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu lafiya. Tarin ya ragu tunda injin ya daina tashi kwata-kwata. Direban da ke kawo mana wasiƙa ya zo sau uku bai kawo komai daga gare ki ba, har na fara jin kunyar tare shi.

Da 'yar takardarki ta zo, na ɗauka izini ne. Na ce aiki ya yi miki yawa, kin yarda da ni, kin sallame ni. Har na je na gaya wa mai sayar da injuna kada ya ƙara jira na. Sai da na karanta wa Gwaggo. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, “Yarinyar nan ko sunan tsiyar da take kiran ka da shi ba ta sa ba. Me ka yi mata?” Na ce ban yi komai ba, na ba ta labarin bula. Ta ajiye ƙwaryar hannunta ta dube ni. Ta ce, “Katifar yayana ka ba mota?”

Ita ta gaya mini abin da ya kamata in sani. Wai Kawu da bakan shiɓa ya shiɓi audugar nan da hannunsa, tun ba a sayi inji ba, shekarar da aka haife ki. A kanta ya yi jinyarsa, kina zaune a gefe. Ni na san da jinyar, ina nan. Amma da na farke ta, kilo na gani. Na kiyaye kayan baƙi, na ba da naki. Na juya abin ta kowace fuska ban sami inda zan sa “ko da yake” ba. Ki yi haƙuri.

Na koma kamfanin. Mai sikeli bai yi mini wulaƙanci ba, ya ce ko manaja ba zai iya ware ta ba yanzu, ta shiga ko'ina.

Zan gaya miki sauran, don shagon naki ne ko kina fushi. Na riƙa tambayar masu kawo gyara kamar yadda na ce. Mai masaukin baƙi na kan kwana ya ce shi ko audugar aljanu ce a cusa masa, in dai da arha. Masu sayen sabon filo ba su ma gane tambayar ba. Amma masu kawo katifar gida, kusan rabinsu naɗe abarsu suka yi suka tafi. Wata ta ce ba za ta kwantar da jaririnta a kan abin da ba ta san wa ya yi ciwo a kai ba. Tsohuwar malamar makarantar nan mai tabarau ta yarda da farko, aka yi mata, bayan kwana biyu ta sa aka dawo da katifar a baro. Ta ce, “Ta fi tawa laushi, ɗana. Amma tawa ƙanshin kafur take yi, wannan kuwa ƙanshin kowa.”

Lissafin da na yi a baya, na ɗauka yawan masu zuwa ba zai canja ba ko wace hanya muka bi. A nan kuskuren yake. In rabin masu gyara suka tafi, arhar kamfani ba za ta biya ko hayar shago ba. Ga injin ya mutu. Ga sabon na sake shi da bakina. A haka nake.

Abu ɗaya kuma. A buhun mai masauki da ya dawo makon jiya, na ga ɗan shuɗi kamar ƙwayar wake. Na ƙara dubawa na sami wasu. Injinsu ya yayyaga audugar da na rina ƙanana, tana dawowa a cikin ta mutane. Na samo kwalba ina tarawa. Ban san me zan yi da ita ba.

Naki, in kina so,
ɗan Gwaggonki

*

Zuwa ga Malam Ko-da-yake,

Ga sunanka na mayar maka, ka nuna wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta. Muna lafiya. An gama ƙidayar kaya, kwali biyu ne suka ɓace, aka same su a ƙarƙashin teburin wanda ya fi kowa faɗa. Na ji daɗi tarin ya ragu.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Na ɗauki biro sau da yawa in wanke ka tas, sai in tuna da hannuna na rubuta maka auduga auduga ce, a takarda ɗaya da na ce ka gyara mini ta Baba. Maigidan ya ce, “To ke wanne kike nufi a ciki?” Na ce duka biyun. Ya yi dariya ya fita, na bi shi da harara. Da wata ce ta zo sito ta ce lallai sai buhunta na ainihi, da na ce ta cika fitina. Ashe ni ce matar.

Kai kuma, mutum ya rubuto maka layi uku babu zagi ko ɗaya, ka ce izini ne? Yaushe na taɓa barin ka ka tafi ba tsiya?

Yanzu ga abin da na gani. Sana'a biyu kake yi a shago ɗaya, kana yi musu lissafi ɗaya. Mai sayen sabon filo laushi yake saye. Wannan ka ba kamfani, sun fi ka iyawa, sun fi ka arha, kada ka ji kunya. Haka mai masauki. Amma mai kawo katifar gida, abin da yake biya shi ne tsayawar nan da kake yi kana share ganga, wadda ka ɗauka ɓata lokaci ce. Baba bai taɓa sa mata farashi ba, kai ma haka.

Saboda haka tambayar ta canja. Shin gyaran katifar gida kaɗai zai iya biyan ƙaramin inji? Ka koma wurin waɗanda suka naɗe kayansu suka tafi. Ka tambaye su ko za su ƙara wani abu a kan ladan da, in a gabansu za a yi, su ga tasu ta shiga ta fito. Kada ka tambaya kana sunkuyar da kai kamar mai roƙo. Ka faɗi kuɗin ka yi shiru. In lissafin ya nuna injin zai mayar da kuɗinsa kafin 'yan biyu su gama firamare, ɗakina zai iya jira. Na ba direba kafin alƙalami a ambulan dabam. Ka je wurin mai injuna yau, ko da ka ji kunyar komawa. In lissafin bai fita ba, ka dawo mini da abina, mu san yadda za mu yi da shagon.

Wannan shuɗin da kake tarawa, ya kai nawa yanzu? Tambaya kawai na yi.

Uwar ɗakinka har gobe,
mai sito

*

Zuwa ga Uwar Sito,

Gaisuwa mai tarin yawa. Gwaggo ta sa na karanta mata layin farko sau biyu, ta ce yanzu ta ji muryarki. Kowa lafiya. Maman yara ta ce a gaya miki ta sayi sabuwar bula ta ɓoye inda ba zan gani ba.

Na je wurin mai injuna a ranar. Wancan ya riga ya sayar. Ya ce akwai irinsa a hanya, amma ya ɗan fi tsada, don kaya sun tashi. Wannan ƙarin, kuɗin rashin iya karatun wasiƙarki ne, daga rabona zai fita, kada ki yi mini gardama.

Kafin in ba shi ko sisi, na bi mutanen gida gida. Faɗin kuɗin bai yi mini wuya ba kamar yin shirun. Wasu sun ce ya yi yawa, kuma ban ga laifinsu ba. Mafi yawa sun yarda. Mai jaririn nan ta ce in dai za ta tsaya ta gani, ta biya. Malama mai tabarau ta ce tata ta riga ta tafi, amma akwai ta ƙanwarta. Na yi lissafin sau uku, na rage yawan masu zuwa da gangan don kada in yaudari kaina, duk da haka ya fita. Ba da faɗi ba. In wuta ta ƙara tsada zai matse, ko da yake a lokacin ladan kowa ma zai tashi.

Injin ya iso, an kafa. Ƙarami ne, yana da jakar da ke kama ƙura. Tsohon na sayar wa masu gwangwan, kuɗinsa ya biya mai haɗa wuta. Da za su ɗaga shi na shiga ciki na kama wani aiki. Na sa kafinta ya fasa taga a bangon da ke tsakanin lungun inji da gaban shago, ya sa gilashi, na ajiye benci. Jiya mata uku suka zauna suna kallo, mai katifar ɗaya ce, biyun rakiya. Sababbin filo kuwa kamfani ke ba mu audugarsu, kuma manaja ya dawo, ya rubuta farashin rabin shekara. Na shekara ya ƙi.

Katifar da ke jiran ki tana nan a ɗakin Gwaggo. Rigar ta Kawu ce, ɗinkin nawa ne, cikin kuwa na rabin gari. Ba zan ce miki komai a kanta ba, ke za ki kwanta ki ji.

Kin tambayi shuɗin. Direba zai ba ki ɗan ƙunshi tare da wannan takarda. Filo ne, bai fi tafin hannu ba. Na san bai isa a ɗora kai ba, sai dai ko ki sa a ƙarƙashin hannu in kina rubutu a sito. Abin da ke ciki duka na tsince shi da yatsa daga buhunan kamfani. A duk audugar da ke garin nan, ita kaɗai zan iya rantsuwa Kawu ya taɓa.

Za ki ga gefe ɗaya ɗinkin kama-kama ne, ban tsananta ba. Kada ki ce na yi ha'inci. Har yanzu tana dawowa, jiya ma na sami biyu. Ki zo da shi in za ki zo.

Naki,
Ko-da-yake